Yadda Ake Shirya Dukiya da Wasiyya Tun Ana da Rai da Lafiya

Duk wanda ya taɓa zama a wurin rabon gado ya san ba kasafai ake faɗa a kan lissafi ba. Kason matar aure, kason uwa da uba, na 'ya'ya maza da mata, duk Allah Ya yanke su a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, kuma malamin da ya ƙware a ilimin gado zai fitar da su a zama ɗaya. Inda zumunci ke tsagewa shi ne wajen tantance abin da za a raba. Gidan nan na marigayi ne shi kaɗai, ko na gandu ne da shi da ƙannensa? Motar da ke hannun babban ɗa kyauta ce ko aro? Kuɗin da uwargida ta ba shi ya ƙara jari, rance ne ko ta yafe? Mutum ɗaya ne ya san amsar, kuma an riga an kai shi makwancinsa.

Saboda haka aikin mai dukiya ba raba gado ba ne, wannan ba hurumin sa ba ne. Aikinsa shi ne ya bar komai a bayyane: abin da yake nasa, abin da yake na mutane a hannunsa, bashin da ake binsa, da kuma waɗanda yake ɗauke da nauyinsu alhali ba su cikin magada. Wasu suna ƙyamar wannan magana, suna ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne. To, ya tabbata a hadisin Abdullahi ɗan Umar cewa bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Abin da zan kawo na fiƙihu a nan na mazhabar Malikiyya ne, wadda kotunanmu ke aiki da ita, na doka kuwa na Najeriya ne.

Mataki na farko: rubuta duk abin da ke hannunka

Sami littafi mai kauri, ba 'yar takardar da za ta ɓace a aljihun riga ba. Kowace kadara ka ba ta layinta: mece ce, ina take, ina takardarta, wa ya san da ita. Fara da gidaje da filaye da gonaki, sai shaguna, ka bambanta wanda ka mallaka da wanda kake haya ko aka ba ka daga hukumar kasuwa. Rubuta shanu ko tumakin da ka ba makiyayi kiwo, da sunansa da inda yake zaune da yadda kuka yi a kan 'ya'yan da za a haifa. Rubuta hatsin da ka ajiye a sito, ko a Dawanau yake ko a ƙauye. Sai asusun banki duka, har da wanda ka daina amfani da shi, da na waya irin su Opay da Moniepoint, da hannun jarin da ka saya shekaru da yawa ka manta, da asusun fansho, da adashin da kake zubawa da kwanan ɗaukarka. Kuɗin da ke asusun da iyali ba su sani ba, ba wanda zai zo ya yi musu sallama ya ce ga shi.

Daga nan juya littafin, ka buɗe wani ɓangare dabam, wanda a ganina ya fi na farkon muhimmanci: abin da ke hannunka amma ba naka ba ne. Kuɗin da wani ya ba ka ajiya. Kuɗin masallaci ko na ƙungiyar unguwa da aka zuba a asusunka don kai ne ma'aji. Gonar da aka yi maka jingina. Zinaren matarka da ke akwatinka, ko filin da ta saya da kuɗinta aka rubuta sunanka. Mafi nauyi a cikinsu shi ne gadon mahaifinku da ba a raba ba, musamman kason 'yan'uwanka mata da ka ci gaba da nomawa da sunan kana kula musu. Idan ka mutu a haka, 'ya'yanka za su tashi suna ganin gonar ta ubansu ce, gwaggonninsu kuwa kunya za ta hana su magana har sai abin ya kai maƙura. Wannan kam kada ka tsaya a rubutu. Kira su a raba yanzu, kowace ta karɓi nata ko ta sayar maka da yardarta a gaban shaidu.

Mataki na biyu: bashi

Idan mutum ya rasu, tsarin fitar da haƙƙoƙi daga dukiyarsa a jere yake. Za a fara da hidimar jana'iza gwargwadon al'ada, likkafani da haƙa kabari, sai a biya bashi, sai a zartar da wasiyya, abin da ya rage shi ne gado. Bashi na iya cinye dukiyar gaba ɗaya magada su tashi ba ko sisi, kuma hakan shi ne daidai. Hadisi ya nuna ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa.

Al'adarmu ita ce a yi cigiya a wurin jana'iza ko zaman makoki, a ce duk mai bin marigayi bashi ya zo. Wannan abu ne mai kyau, amma yana da rami biyu. Mai kunya ba zai zo ba, maƙaryaci kuma zai zo. Rubutunka ne zai kare iyalinka daga na biyun, ya kuma kare ka daga haƙƙin na farkon. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubuta sunan mai bin ka, adadi, ranar da ka karɓa, da abin da ka riga ka biya. Rubuta waɗanda kake bi, kuma idan ka yafe wa wani ka rubuta cewa ka yafe, don kada 'ya'yanka su je su matsa masa. Ragowar sadakin da ba ka cika ba bashi ne. Haka kuɗin da matarka ta ranta maka, ko da kuwa ba ta taɓa tuna maka ba. Zakkar da ta wuce ka ba ka fitar ba da kaffarar da ke kanka, fitar da su yanzu ya fi, in kuma ba hali ka rubuta su a fili cikin wasiyya, domin yadda ake fitar da su bayan mutuwa yana da sharuɗɗan da malami zai warware maka.

Mataki na uku: san magadanka, ka ga lissafin da idonka

Je wurin malamin da ya san gado, ka ce masa: Malam, da yau zan rasu, su wa za su gaje ni, kuma nawa kowa zai samu? Mutane da yawa sai a wannan zaman suke gane cewa abin da suke tsammani ba haka yake ba.

Ga misali. A ce mutum ya bar dukiyar naira miliyan 30. Jana'iza da bashi sun ci miliyan 3, ya yi wasiyya da miliyan 3, saura miliyan 24. Ya bar mata biyu, mahaifi da mahaifiya, 'ya'ya maza 4 da mata 5. Matan biyu za su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 3 kenan, kowace miliyan ɗaya da rabi. Mahaifi sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, miliyan 4, mahaifiya ma miliyan 4. Saura miliyan 13 na 'ya'ya, kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1.

Dubi abin da wannan lissafin yake faɗa maka. Idan mafi yawan dukiyar gida ɗaya ne da kowa ke ciki, ba mai iya sayen kason sauran, ƙarshenta sai a sayar. Matar da ke da 'ya'ya da yawa za ta iya haɗa kasonsu su sami matsuguni. Wadda ba ta haihu ba kuwa miliyan ɗaya da rabi ce kaɗai a hannunta bayan shekarun da ta yi a gidan. Idan kana son ta sami inda za ta zauna, yanzu ne lokacin da za ka yi wani abu, kuma hanyar tana mataki na gaba.

A wannan zaman ne kuma za ka gane waɗanda ba su da gado. Jikan da mahaifinsa ya riga ka rasuwa ba ya gado idan kana da ɗa namiji a raye, baffanninsa sun kange shi. Ɗan 'yarka ba ya cikin magada. Agola da ɗan riƙo, ko tun yana jariri ka raine shi, ba su gado. Wanda addininku ya bambanta, ko mahaifiyarka ce, ba gado tsakaninku. Wanda kuma 'ya'ya mata kawai ya haifa, su biyu ko fiye za su ɗauki kashi biyu cikin uku, mata ta ɗauki tumuni, ragowar ya tafi ga dangi na kusa ta wajen uba, kamar 'yan'uwansa.

Kada ka bar maganar aure a duhu. Idan kana da mata a wani gari da gidanka ba su sani ba, ita da 'ya'yanta magada ne, ɓoye su zalunci ne a kansu. Idan ka saki mace, rubuta ranar da irin sakin, domin wadda aka yi wa sakin kome tana gado muddin tana cikin idda. A Malikiyya ma, wanda ya saki matarsa yana cikin ciwon ajali, za ta gaje shi ko da iddarta ta ƙare.

Mataki na huɗu: kyautar da za ka yi, yi ta yanzu, kuma a karɓa

Mai lafiya da hankali yana da ikon yin kyauta da dukiyarsa. Amma a nan ne aka fi yin kuskuren da ke rushe niyyar mamaci. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta shiga hannunsa kafin mai kyautar ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Faɗar "na ba wance gidan can" a tsakar gida, alhali kai kake karɓar haya kuma takardu na wurinka, ba ya hana gidan komawa cikin gado. Idan ka ba da gida, miƙa makullai da takardu, a sanar da 'yan haya cewa ga mai gida sabo, a rubuta takardar kyauta, shaidu su sa hannu, a canja suna a ofishin filaye. Idan gona ce, wanda aka ba ya shiga ya noma ko ya ba da haya da kansa.

Akwai wata ƙa'ida da ta shafi matan aure kai tsaye. Idan miji ya ba matarsa gidan da suke zaune a ciki, ya kuma ci gaba da zama har ya mutu, malaman Malikiyya ba sa ɗaukar zamanta a gidan a matsayin karɓa, tunda dama shi ke da alhakin ba ta wurin zama. Haka uban da ya ba ƙaramin ɗansa gidan da shi uban yake ciki bai fita ba. Don haka mai son ya tanadar wa matarsa matsuguni, ya fi aminci ya ba ta wani gidan dabam ko fili, ta riƙe takardunsa, ta riƙa karɓar hayarsa da hannunta.

Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka: ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, kuma idan magaji aka ba sai sauran magada sun yarda. Shi ya sa gaggawar sa hannu a takardu a gadon asibiti ba ta cika haifar da komai ba sai shari'a.

Tsakanin 'ya'ya kuma a yi adalci. Lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai ya nemi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama shaida, bai amince ba, ya umarce shi da ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa. Fifita 'ya'yan ɗaki ɗaya, ko rabar da dukiya da nufin kada 'yan'uwa ko 'ya'ya mata su sami komai, yana barin ƙiyayyar da jikoki ma za su gada. Idan akwai dalili na gaskiya, kamar ɗa mai lalura da ba zai iya nema ba, tara sauran ka yi musu bayani da bakinka.

Mataki na biyar: sulusin wasiyya

Iyakar wasiyya kashi ɗaya cikin uku ne na abin da ya rage bayan jana'iza da bashi. Asalin wannan shi ne hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya nemi ya ba da kashi biyu cikin uku, aka hana shi, ya ce rabi, aka hana shi, aka bar shi a kan sulusi tare da gaya masa cewa sulusin ma da yawa, kuma barin magada a wadace ya fi barin su suna roƙon mutane. Ƙa'ida ta biyu: babu wasiyya ga magaji, sai idan sauran magada, baligai masu hankali, sun amince bayan rasuwar.

To sulusin na su wa ne? Na waɗanda ka gano a mataki na uku. A ganina marayun jikoki su ne na farko. Yaron da ya rasa uba, yana zaune a gidan kakansa, ranar rabo ya ga 'ya'yan baffanninsa sun sami rufin asiri ta hanyar iyayensu shi kuwa ba komai, wannan abu ne da kaka zai iya magancewa da layi biyu na rubutu. Misira ta mayar da irin wannan wasiyya tilas a dokarta tun 1946, amma a nan kotu ba za ta cire musu komai ba sai kai ka rubuta. Bayan su sai ɗan riƙo, agola, tsohon yaron gida da ya ƙare ƙarfinsa a hidimarka, dangi matalauta, sannan ayyukan alheri kamar rijiya, makarantar allo ko Islamiyya.

Ka ambaci kaso maimakon adadin kuɗi, ka ce kashi ɗaya cikin goma na dukiyata, domin naira miliyan ɗaya ta yau ba ita ce ta shekara goma masu zuwa ba. Idan kuma kadara ce takamaimai, siffanta ta yadda ba za a ruɗe ba: unguwa, lambar fili, maƙwabta ta gabas da yamma. Wasiyya ba ta ɗaure ka, kana iya canja ta ko soke ta duk ranar da ka so.

Mai son yin waƙafi, wanda muke kira hubusi, wato tsayar da kadara ana sadaka da amfaninta, zai iya yi tun yana da lafiya, a nan ba a ƙayyade masa sulusi ba, amma sai ya fitar da abin daga hannunsa ya naɗa mai kula. Idan ya jingina shi da mutuwarsa, ya koma cikin sulusi. Jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi da za a iya yin rajista a wurinsu.

Mataki na shida: wa zai riƙe amanar

Naɗa wasiyyi, wato wanda zai biya bashi, ya zartar da wasiyya, ya kuma riƙe dukiyar ƙananan 'ya'yanka har su yi hankalin riƙe ta. Ba dole ne ya zama babban wa ko babban ɗa ba. Nemi mai tsoron Allah, wanda ya iya lissafi, wanda ba ya cikin matsin da zai sa ya taɓa kuɗin marayu da niyyar zai mayar. Mace ma tana iya zama wasiyyiya, kuma sau da yawa uwar yaran ita ta fi kowa tausayinsu. Tambaye shi tukuna ya amince. Naɗa na biyu ko da na farkon ya riga ka tafiya, ka kuma shar'anta cewa duk shekara a nuna lissafi ga wani mutum na uku. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce ga wasiyyin kansa ranar da yaran suka girma suka tambaya. Alƙur'ani ma ya ce a kafa shaidu lokacin miƙa wa marayu dukiyarsu.

Mataki na bakwai: gyara takardun hukuma

Filaye. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma sauya mallakar filin da ke da takardar C of O, wato shaidar mallaka ta gwamnati, yana buƙatar amincewarsa. Da yawa mun sayi fili mun riƙe takardar ciniki kawai, sunan mai shi na farko yana nan a fayil. Je ofishin filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ka mayar da sunanka tun wanda ya sayar maka yana raye. Gonar ƙauye kuma, a sami takardar dagaci ko hakimi, sannan ka ɗauki 'ya'yanka, maza da mata, ku zagaya iyaka tare da maƙwabtan gona.

Banki da fansho. Sunan makusancin da ka rubuta a fom ɗin banki ko na wurin aiki ba ya mayar da mutum mai kuɗin. Shi wanda za a tuntuɓa ne kawai. Banki ba zai saki kuɗin mamaci ba sai an kawo takardar shaidar mutuwa da takardar kotu mai ba da izinin kula da dukiyarsa. Ka gaya wa wanda ka rubuta sunansa wannan tun yanzu, don kada ya ɗauka kyauta ka yi masa. Ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a BVN da NIN da asusun fansho, domin bambancin harafi ɗaya yana iya sa marayu su yi watanni suna zirga-zirga. Ma'aikaci ya sani cewa dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, bayan kuɗin da ke asusun fanshonsa. Rubuta sunan kamfanin fanshonka da lambarka a littafin, ka sanar da iyali cewa akwai wannan haƙƙin.

Waya. Layin da ke haɗe da asusunka, idan aka daina amfani da shi kamfani yana sake sayar da shi ga wani. Rubuta lambobin sirri a takarda dabam, ka rufe a ambulan, ka ajiye tare da wasiyya.

Kasuwanci. Idan kai da ɗan'uwanka kuke juya jari ɗaya a Kantin Kwari ko Singa, ku zauna ku rubuta kason kowa, ko da kun shekara talatin ba ku taɓa saɓani ba, domin 'ya'yanku ba ku ba ne. Yaron shagon da ka yi wa alkawarin sallama, ka sallame shi ko ka rubuta abin da ka yi masa alkawari. Rajistar sunan kasuwanci kawai ba ta raba kasuwancin da mai shi. Kamfani mai rajista kuwa yana ci gaba bayan mutuwar mai shi, hannun jarinsa ne ake gada, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani. Ga mai masana'anta ko makaranta ko motocin haya, wannan yana hana a yanyanka abin da ba ya amfani sai a haɗe.

Mataki na takwas: rubuta wasiyyar, a shaida, a adana

Fara da sunan Allah da kalmar shahada, cikakken sunanka, adireshi da kwanan wata, da cewa kana cikin hankalinka ba wanda ya tilasta ka, kuma ka soke duk wasiyyar da ta gabaci wannan. Sai ka faɗa a sarari cewa kai Musulmi ne, kana son a raba dukiyarka bisa shari'ar Musulunci. Wannan jimlar tana da dalili. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta bisa dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 duk da ta saɓa wa rabon Malikiyya. Daga baya jihohi kamar Kaduna da Kwara suka sa a dokokinsu cewa wasiyyar Musulmi tana ƙarƙashin shari'ar Musulunci. Wanda ke da kadara a jihohi daban-daban, musamman a kudu, ya haɗa malami da lauya a zama ɗaya.

Bayan haka jero matanka da 'ya'yanka da iyayenka, amanar mutane, bashi, kyautar da ka riga ka yi aka karɓa, wasiyyar sulusi, da sunan wasiyyi. Kada ka rubuta wane ya ɗauki gida kaza a matsayin gadonsa, wannan aikin masu rabo ne.

Sa hannu a gaban shaidu biyu adalai, suna tare a lokaci ɗaya, su ma su sa hannu a gabanka, a kowane shafi. Kada shaida ya zama wanda aka yi wa wasiyya ko matarsa ko mijinta. Zaɓi waɗanda ba su kai ka shekaru ba. Takardar da aka tsinta a ƙarƙashin katifa babu shaida tana da rauni ƙwarai a gaban alƙali. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa da harshen da yake ji, ya dangwala yatsa, a rubuta cewa an karanta masa ya fahimta. Tsoho ko mara lafiya ya haɗa da takardar likita mai nuna hankalinsa lafiya lau a ranar. Ajiye asalin a sashen rajistar wasiyya na babbar kotun jiha ko wurin lauya, kwafi ɗaya wurin wasiyyi, ɗaya a gida.

Duk wannan ya hau kan mace kamar yadda ya hau kan namiji. Ke ma, Hajiya, zinarenki da filinki da awakinki da jarin sana'arki gado ne, mijinki yana da rubu'i, wato kashi ɗaya cikin huɗu, idan kina da ɗa ko 'ya, rabi idan babu. Sarƙar da kike cewa ta auta ce, in kina nufin kyauta, miƙa mata yanzu. Kuɗin adashin da mata suka tara a hannunki kuwa ya fi komai buƙatar rubutu.

Mataki na tara: sanar da iyali, ka riƙa sabuntawa

Ba sai ka karanta musu adadin kuɗinka ba. Amma matanka da manyan 'ya'yanka su san akwai wasiyya, su san inda take da wanda aka naɗa. Ka kuma bar musu abin da za su yi a jere: su karɓi takardar asibiti da takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kada kowa ya ciri kuɗi da katinka, domin daga lokacin da rai ya fita kuɗin na magada ne duka, kada a ɗebi abincin zaman makoki daga dukiyar da marayu ke da haƙƙi a ciki, mai son yin sadaka ya yi daga aljihunsa, kada a tashi mai takaba daga ɗakinta kafin wata huɗu da kwana goma, ko ta haihu in tana da ciki. Idan akwai mai juna biyu, a Malikiyya ana dakatar da rabo har ta sauka. Rabon da ya shafi marayu, ko filaye masu takarda, ko ake jin ƙishin-ƙishin saɓani, a kai shi kotun shari'a a sami takardar rabo, kuma tsarin mulki na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin sauraron ƙorafi a kan gado da wasiyya da kyauta da waƙafin Musulmi.

Rubuta musu kuma cewa kada a jinkirta rabo da sunan kunya ko jiran yara su girma. Idan wani magaji ya rasu kafin a raba, kasonsa ya koma ga nasa magadan, gida ɗaya ya zama na mutum arba'in da wasunsu ba su ma san juna ba. A raba, a fitar da kason kowane yaro da sunansa, wasiyyi ya riƙe.

Ware lokaci ɗaya a shekara, kamar watan da kake fitar da zakka tunda dama lissafi kake yi, ka buɗe littafin ka gyara. Haka duk lokacin da aka yi haihuwa, aure, saki ko rasuwa a gidan, ko ka sayi kadara ko ka sayar, ko za ka yi doguwar tafiya kamar aikin Hajji. Idan gyaran ya taɓa wasiyyar kanta, kada ka yi karce a kan tsohuwar. Rubuta sabuwa da sabon kwanan wata, shaidu su sake sa hannu, ka karɓo tsofaffin kwafin daga duk inda ka ajiye su ka yaga.